Tsakanin Ejan da Lauya: Fashin Baƙi kan Neman Biza da Shigo da Baƙi

Wani yaro a unguwarmu ta Tudun Wada, ma'aikacin jinya, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, riƙe da wata takarda da ya ninke gida huɗu har ta fara yagewa a tsakiya. Amsar neman bizarsa ce daga Ingila. Ya ce, "Yaya, don Allah duba min, cewa suka yi in sake nema ko kuwa?" Muka matsa ƙarƙashin fitilar mai shayi. Sakin layi na farko da na biyu ba wani abin tayar da hankali, a na uku gizo ke saƙa. Sun ce takardar bayanan asusun banki da aka haɗa da fom ɗinsa ta jabu ce, sun tambayi bankin ya ce ba daga wurinsa ta fito ba. Wanda aka kama da yaudara wajen neman bizar Birtaniya, ana rufe masa ƙofa har shekara 10.

Yaron ya yi ta rantsuwa cewa bai taɓa sa takardar a ido ba, na kuma gaskata shi. Ejan ɗin da ya biya ne ya ga asusun ba nauyi, ya ƙera masa wani, bai gaya masa ba. Sai dai sunan da ke kan fom nasa ne, zanen yatsun da aka ɗauka a Abuja nasa ne, shi kuwa ejan ko harafin sunansa bai fito a ko'ina ba. Kuɗin da aka biya shi kuma, filin gado aka sayar a Dakace.

Tun daga daren nan nake son in zauna in warware wannan magana, domin irin wannan takarda ta yi yawa a gidajen Zariya.

Tushen ruɗanin shi ne mun zuba fasfo da biza a kwando ɗaya. Fasfo haƙƙinka ne a kan ƙasarka. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin shiga da fita, kuma a shari'ar lauya Olisa Agbakoba da hukumar tsaro ta farin kaya, Kotun Ƙoli ta yanke a 1999 cewa riƙe fasfo yana cikin wannan 'yanci, ba a ƙwace shi haka siddan. Biza kuwa alfarmar masu gida ce. Sun ga dama su ce bismillah, sun ga dama su ce a dawo wani jiƙon. Ko an buga maka ita, izinin isa bakin zaure kawai ka samu, jami'in da ke filin jirgi shi ke da magana ta ƙarshe. Ba mu manta watan Nuwamban 2023 ba, lokacin da jirgin Air Peace ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu, daga baya suka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Kowannensu da biza a hannu ya hau jirgin.

To wanda ya dafa ƙirji ya ce maka "biza tabbas, ina da mutum a ciki", ya yi maka alkawarin abin da ba nasa ba. Lauya na gaskiya ba ya faɗin haka, ko da kuwa ya shekara talatin a aikin.

Ban ce duk ejan macuci ne ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, a PZ da Sabon Gari da Samaru, waɗanda aikinsu yankar tikiti, kama otal, cike fom da kama maka ranar zuwa ɗaukar zanen yatsu. Wannan sana'a ce halal. Matsala tana farawa ne sa'ad da mai yankar tikiti ya koma mai fassara dokar wata ƙasa, yana gaya maka abin da za ka rubuta da abin da za ka ɓoye. Idan ya kai ka ya baro, ba wata hukuma da za ta ƙwace masa lasisin ba da shawara, domin dama ba shi da shi. Lauya kuwa sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana manna hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a takardun da ya rubuta, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunansa daga aikin baki ɗaya. Wato akwai inda za ka kama shi. Zariya ba ta rasa lauyoyi ba, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ta daɗe tana yaye su.

Amma a nan ma akwai wani lungu da mutane da yawa ba su leƙa ba. Lasisin lauyan Najeriya a kan dokar Najeriya yake. Kanada ba ta yarda kowa ya wakilce ka a harkar shige da fice da sunan a biya shi ba, sai lauyan da ke cikin ƙungiyar lauyoyin wani lardi nata, ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar CICC, kuma akwai fom na musamman da ake bayyana sunan wakilin a kai. A Birtaniya, tun dokar 1999, laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice a cikin ƙasar ba tare da izini ba. Hukumar da ke kula da hakan, wadda a da ake kira OISC, ta koma IAA a 2025. A Amurka sai lauya mai lasisin wata jiha ko wakilin da Ma'aikatar Shari'arsu ta amince da shi. Duk waɗannan rajistoci a buɗe suke a intanet, kyauta, da wayarka za ka duba. Baristan kirki a Zariya zai gyara maka abin da ya shafi nan gida, ya kuma faɗa maka ƙarara inda hannunsa ya tsaya, ya haɗa ka da mai lasisin can idan abin ya kai.

Abin da ya shafi nan gida kuwa ba kaɗan ba ne, kuma a ganina nan ne mu Hausawa muka fi shan wahala.

Ɗauki suna. Mutum ɗaya ne, a takardar firamare Mamman, a sakamakon WAEC Mohammed, a katin NIN Muhammad, a banki Muh'd. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan unguwa ko gari, domin haka aka saba rubuta mu tun zamanin elementare. Mu a nan mun san duk shi ne. Jami'in da ke zaune a wata ƙasa yana duba takardu ta kwamfuta mutum huɗu yake gani. Ga kuma ranar haihuwa: wani 1 ga Janairu aka yanka masa don ba a rubuta ba, wani an rage masa shekara biyu lokacin jarrabawa, wani ya ƙara lokacin neman aiki. Yanzu ba a yin fasfo sai bayanansa sun dace da na NIN, kuma fasfon ba arha ba: daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Aikin lauya a nan shi ne ya baje takardun nan duka a kan tebur, ya tsayar da suna ɗaya da rana ɗaya ta gaskiya, a yi takardar rantsuwa a Babbar Kotu, a buga sanarwa a jarida idan ana buƙata, a gyara a hukumar NIMC da banki, kafin a taɓa fom ɗin biza. Wanda zai tafi karatu ko aiki kuma, sau da yawa sai takardun makarantarsa sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje an tantance su, sannan ofishin jakadanci ya karɓa. Abu ne mai cin makonni, shi ya sa ba a fara shi ana gobe tafiya.

Sai kuɗi. Akwai Alhazai a kasuwar Sabon Gari da ke juya dukiyar da ta fi albashin ma'aikata ɗari, amma asusunsu na banki fayau, domin harkar hannu da hannu ake yi, wani kuɗin ma a asusun yaron shago yake kwana. Idan irin wannan ɗan kasuwa zai je Guwanzu ta ƙasar Sin baje kolin da ake yi a Afrilu da Oktoba, ko zai kai mara lafiya Indiya ko Misira, sai a ce masa ya aro miliyoyi ya zuba a asusu mako ɗaya kafin nema. Wannan zubin na dare ɗaya shi ne abu na farko da ke jawo zargi. Abin da suke son gani shi ne kuɗi mai asali: rajistar kasuwanci ta CAC, shaidar biyan haraji, shige da ficen kuɗi na watanni da ya yi kama da sana'ar da ka ce kana yi. Ɗalibin da zai je Birtaniya ma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu daga adadin da aka gindaya ba.

Akwai kuma abin da a wurinmu zumunci ne, a wurinsu ƙarya. Ɗan riƙo. Ka ɗauki ɗan ƙaninka tun yana yaye, kai ka yi masa kaciya, kai ka sa shi makaranta, Baba yake ce maka. A fom sai ka rubuta shi cikin 'ya'yanka da zuciya ɗaya. Idan ofishin jakadancin Amurka ya nemi gwajin jini aka ga ba kai ka haife shi ba, ba za a ce al'ada ba ce, za a ce ka yi yaudara, kuma abin na iya shafar sauran iyalin. Haka mai mata fiye da ɗaya: Birtaniya ba ta ba mace ta biyu izinin zama a matsayin matar aure muddin ta farko ta riga ta shiga da wannan matsayi kuma auren na nan. Wasu sai a ba su shawarar su rubuta amarya a matsayin ƙanwa. Wallahi wannan shawara ce mai rusa gida. Lauya zai nemi hanyar da za a faɗi gaskiyar yadda doka za ta fahimce ta, da takardar riƙo daga kotu, da takardar shaidar aure, da rubutaccen izinin mahaifin da ba ya cikin tafiyar.

Tambayar da ta fi kayar da mutane gajeriya ce: an taɓa hana ka bizar wata ƙasa? Mutum sai ya ce a'a don ya sabunta fasfo, yana ganin tsohon labari ya tafi da tsohon littafi. Alhali Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da Niyuzilan suna musayar bayanan zanen yatsu a tsakaninsu. Hana biza ba laifi ba ne, ana hana mutum yau a ba shi gobe. Ɓoye hanin shi ne laifin. A Kanada hukuncinsa shekara biyar, kuma dokarsu ta haɗa da ƙaryar da wani ya yi a madadinka. A Amurka, ƙaryar ganganci kan abu mai muhimmanci haramci ne na har abada, sai ɗan ƙaramin sassauci ga wasu ƙalilan.

Idan an riga an hana fa? Kowace ƙasa da tata ƙofar. Yawancin waɗanda ake hana wa bizar ziyara ta Amurka, bayan sun biya dala 185, ana sallamar su ne da sashe na 214(b), wato ba su gamsar da jami'in cewa za su dawo gida ba. Wannan ba shi da ɗaukaka ƙara. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya "ɗaukaka" shi, ya ci banza. Sai dai ka sake nema idan halinka ya sauya. Bizar ziyara ta Birtaniya ma galibi ba ta da ɗaukaka ƙara, amma ana iya roƙon kotu ta duba ko an bi doka wajen yanke hukuncin, cikin wata uku. Kanada ta ba wanda ke wajen ƙasar kwana 60 ya kai kuka Kotun Tarayya. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a watan Yunin 2024, dole su rubuta maka dalilin hani su kuma nuna maka hanyar ƙorafi, kodayake Jamus ta daina karɓar ƙorafi a ofisoshin jakadancinta daga 1 ga Yulin 2025, sai kotu ko sabon nema. Kwanakin nan ba sa jiran kowa, kuma mafi yawan mutanenmu sai sun gama zaryar neman ejan, wa'adin ya wuce, sannan su tuna da lauya.

Dokokin kuma ba sa zama wuri ɗaya. Amurka ta hana 'yan Najeriya bizar zaman dindindin a farkon 2020, ta janye a Janairun 2021, a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara ta wata uku mai shiga sau ɗaya, a Disamban 2025 kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu da ta zaman dindindin. Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali daga Janairun 2024, ta kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje a Yulin 2025. Amma har gobe za ka ga ana tallar "gurbin aikin kula da tsofaffi a Landan" a Facebook da WhatsApp. Haka cacar bizar Amurka: an cire waɗanda aka haifa a Najeriya tun zagayen 2015, saboda yawan waɗanda suka riga suka shiga, amma ba a fasa karɓar kuɗin cike fom ɗinta a hannun bayin Allah ba.

Inda zuciyata ta fi karaya shi ne hanyar Saudiyya, domin can ne talakanmu ya fi nufa, kuma mata sun fi yawa. Bizar Umara ba ta aiki ba ce, ta ziyara ba ta Hajji ba ce. A 2025 Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi Hajji ba izini, da kora, da hana shiga na shekara 10. Wadda aka kai aikatau kuwa, igamarta, wato katin izinin zamanta, a hannun kafili take, wato uban gidan da ya ɗauko ta. Gyaran dokar ƙwadago da suka yi a Maris ɗin 2021, wanda ya sauƙaƙa sauya wurin aiki, bai haɗa da masu aikin gida ba. Idan ta gudu daga gidan da ake zaluntar ta, uban gidan ya kai rahoton gudu, wanda suke kira hurub, tana iya zama mai laifi, ƙarshenta gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro. Kafin uwa ko miji su sa hannu, a tambayi mai kai mutanen lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A karɓi kwantiragin a kai wa lauya ya karanta, a fassara na Larabcin: nawa ne albashi, awa nawa ne aiki, wa zai biya tikitin dawowa, wa zai riƙe fasfo. Wanda ya ce a tafi tukuna, za a riƙa cire kuɗin hanya daga albashi har shekara biyu, wannan maganar hukumar NAPTIP ce, mai yaƙi da safarar mutane tun 2003.

Ɗaya fuskar al'amarin ba a cika maganarta ba: mu ma muna karɓar baƙi. Zariya gari ne na baƙi tun fil azal, ga ABU tun 1962, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tun 1964. Yau mai makarantar Islamiyya yana son ɗauko malamin ƙira'a daga Misira ko Sudan, mai injin casar shinkafa ko na abincin kaji yana son ɗauko makaniki daga Indiya ko Sin. Abin da aka saba shi ne a shigo da shi da bizar ziyara ya kama aiki, wanda ya saɓa wa Dokar Shige da Fice ta 2015, kuma mai gidan ma yana cikin laifin. Hanyar doka ita ce kamfani ya fara neman gurbin ɗaukar baƙon ma'aikaci daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ya nuna 'yan ƙasa da za su koyi aikin a ƙarƙashinsa, baƙon ya shigo da bizar da ake kira STR, cikin kwana 90 a nema masa katin zama na CERPAC. Idan kuwa zuwa zai yi ya kafa inji ya koma, akwai izinin aiki na wucin gadi, TWP, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kamfanin da baƙo ke da hannun jari a ciki yana buƙatar izinin kasuwanci da rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, kuma ma'aikatar na neman jarin naira miliyan 100. Daga Mayun 2025 an maye gurbin bizar da ake karɓa a filin jirgi da wadda ake nema ta intanet. Wannan aiki ne na lauyan Najeriya tun daga farkonsa har ƙarshensa, ba sai an nemi kowa a waje ba.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke cike da Tudun Wada da Sabon Gari, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su shiga ba biza na kwana 90, wanda zai zauna kuma ya nemi katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgarsu har sai an sanar da wani abu. Zama ne a kan alfarma, ya kamata mai shago ko mai mata 'yar Maraɗi ya gyara takardunsa tun yanzu. Sashe na 26 na kundin tsarin mulki ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Kuma takardar asali ba abin wasa ba ce: a 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu a Maiduguri ta dawo masa da haƙƙinsa.

Shi kuwa yaron unguwarmu, washegari na raka shi wurin wani lauya a Sabon Gari. Baristan ya karanta takardar sau biyu, ya ɗago ya ce, "Malam, ta yaya ka biya shi kuɗin?" Allah ya taimaka, ta banki ya tura, kuma bai goge hirarsu ta WhatsApp ba. A ciki akwai inda ya aika wa ejan ainihin bayanan asusunsa, da kwanan wata. Baristan ya bayyana mana cewa dokar Birtaniya ta bambanta tsakanin takardar jabu da aka shigar ba da sanin mai nema ba, wadda ke jawo hana bizar, da yaudarar da shi kansa ya yi, wadda ke jawo shekara goman. Wannan ɗan tsagin shi ne duk abin da yaron ke da shi. Aka karɓo sahihan bayanan asusu daga banki da hatimi, aka rubuta ƙorafin damfara ga 'yan sanda, aka tattara komai aka aika wa wata lauya mai rajista a Ingila, bayan mun duba sunanta a rajistar da idonmu. Ta rubuta wa ma'aikatar cikin gidansu kafin wata ukun ya cika. Amsa ba ta zo ba tukuna. Yaron ya koma aikin dare a asibiti, fayil ɗin kuma yana cikin leda a ƙarƙashin katifar mahaifiyarsa.